Alƙalin da ya nemi hujja a shari'ar mayun ƙasar Baskawa

A ƙarshen shekarar 1608 wata budurwa 'yar shekara 20 mai suna María de Ximildegui ta dawo ƙauyen Zugarramurdi neman aikatau. Ƙauyen yana gindin duwatsun da suka raba Sifaniya da Faransa, a ɓangaren Sifaniya, mutanensa Baskawa ne makiyaya da manoma. Ta yi 'yan shekaru a garin Ciboure da ke tsallaken iyaka, ta kuma dawo da labari a bakinta. Ta ce a can ta shiga ƙungiyar mayu kafin ta tuba, kuma a taronsu na dare ta ga wasu matan ƙauyen da idonta. Ta kama sunan wata matar aure, María de Jureteguia. Matar ta musa, ta yi ta rantsuwa, amma budurwar ta zayyana labarin dalla-dalla har dangin mijin matar suka fara kallonta da wani ido. Da matsi ya yi yawa sai ta yanke jiki ta faɗi, da ta farfaɗo ta ce gaskiya ne, wata 'yar'uwar mahaifiyarta ce ta shigar da ita tun tana yarinya.

Abin da mutanen ƙauyen suka yi bayan nan shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi. Ba su kai ƙara ko'ina ba. Sun tara waɗanda ake zargi a cocin ƙauyen, kowa ya tashi a gaban jama'a ya amsa laifi ya nemi gafarar maƙwabtansa, aka yafe, aka watse. Sulhu ne irin na mutanen da suka san gobe ma tare za su kora tumaki. Da an bar su a haka, da ba wanda ya mutu.

Labari ya kai Logroño, inda reshen Kotun Binciken Aƙida ta cocin Katolika yake, kotun da aikinta farautar masu karkacewa daga addini. A watan Janairun 1609 aka kama mata huɗu. Bayan 'yan makonni wasu mutum shida daga ƙauyen suka ɗauki doguwar hanya da ƙafafunsu zuwa Logroño don su shaida wa alƙalai cewa tilasta musu aka yi suka amsa abin da ba su yi ba. Sun je neman adalci ne, sai aka rufe su su ma.

Mai karatu Bahaushe yana buƙatar ɗan bayani a nan, domin maitar da Turawan wancan zamani suke nufi ta sha bamban da wadda muka taso muna ji. A wurinmu maye shi ne mai kama kurwar mutum ya cinye, ana cewa a nono ake shan abin ko a sayi ƙanƙararsa, kuma idan an tuhume shi abin da aka fi nema shi ne ya tsallake mara lafiya ya saki kurwar. Talakawan Turai ma da irin wannan tsoron suke kwana: saniya ta daina ba da nono, ƙanƙara ta kashe hatsi, jariri ya mutu a daren da aka yi cacar baki da wata tsohuwa. Malaman coci da masana shari'a ne suka ɗora wani gini a kan wannan tsoro. Suka ce maye mutum ne da ya ƙulla alkawari da Shaiɗan, ya fita daga addini, yana shafa wani mai a jiki ya tashi sama cikin dare zuwa wani dandali inda ake yi wa Iblis sujada a siffar bunsuru. Baskawa aka ce suna kiran dandalin akelarre. Bambancin yana da nauyi ƙwarai a shari'a. Mayen ƙauye mutum ɗaya ne da ake zargi da ɓarna ɗaya. Mayen littafi ɗan ƙungiya ne, don haka duk wanda aka kama, tambayar da ke biye ita ce: su wa ka gani a wurin taron? Daga wannan tambaya guda mutum goma suke zama ɗari, ɗari su zama dubu. Da wannan fahimta aka kashe mutane tsakanin 40,000 zuwa 60,000 a Turai cikin kusan shekara ɗari uku, mafi yawansu mata.

Ana cikin tsare mutanen Zugarramurdi sai wuta ta tashi a tsallaken iyaka. Wasu manyan yankin Labourd, ƙasar Baskawan Faransa, sun kai kuka ga Sarki Henri na Huɗu cewa mayu sun addabe su. Sarki ya turo alƙalai biyu daga babbar kotun Bordeaux, Jean d'Espaignet da Pierre de Lancre, da cikakken iko na yanke hukunci ba tare da ɗaukaka ƙara ba. De Lancre ne ya riƙe ragamar aikin daga tsakiyar 1609 zuwa farkon Nuwamba. Alƙalin sarki ne, ba malamin coci ba, mutum mai ilmi da iya rubutu, wanda ba ya jin yaren mutanen da yake yi wa shari'a sai da tafinta. A littafin da ya wallafa a 1612 ya bayyana dalilansa da bakinsa. Mazan yankin masunta ne, suna shafe watanni a teku wajen gaɓar Kanada ta yau, sun bar mata su kaɗai suna tafiyar da gida da kasuwa har da hidimar coci, wannan kuwa a ganinsa ƙofa ce a buɗe ga Shaiɗan. Ya tsargu da rawarsu da yadda suke sakin gashi, har da yawan cin tuffa da suke yi, don a cewarsa ɗan itacen da ya jawo saɓon farko ne. Ya karɓi shaidar yara ƙanana, ya sa ana soka wa mata allura a jiki ana neman wurin da ba ya jin zafi, wai shi ne tambarin Shaiɗan. Ya ƙone mutane da dama cikin wata huɗu, har da limaman coci uku.

Turjiyar farko daga teku ta zo. Da jiragen masunta suka dawo, mazan suka tarar an tsare matansu da iyayensu mata, an ƙone wasu. Ba su rubuta takardar koke ba, sanduna suka ɗauka, har hukuma ta kasa kai waɗanda aka yanke wa hukunci wurin kisa cikin kwanciyar hankali. Bishop na Bayonne, Bertrand d'Echaux, shi ma ya sa baki, ya hana a ƙone sauran limaman da aka tsare. Wa'adin De Lancre ya ƙare, ya koma Bordeaux. Amma mutanen da suka gudu daga gabansa sun riga sun tsallaka Sifaniya, kuma labarin tashi sama da bunsuru da kwaɗi masu riguna da aka ce Shaiɗan yana ba mayu ya tsallaka tare da su.

A Logroño alƙalai uku ne. Alonso Becerra da Juan de Valle Alvarado sun gama yarda cewa sun gano babbar ƙungiyar Shaiɗan. Na ukun, ƙaraminsu a muƙami, ya iso ne a tsakiyar 1609 bayan shari'a ta yi nisa. Sunansa Alonso de Salazar Frías, haifaffen Burgos a 1564, ya karanta dokokin coci a Salamanca, ya kuma shafe shekaru yana aikin lauya kafin a naɗa shi. Ƙa'idar kotun ita ce ta sa komai ya juye: wanda ya amsa laifi ya tuba ana yi masa sassauci a mayar da shi cikin coci, wanda ya dage cewa bai yi ba alhali akwai masu shaida a kansa, shi ne mai taurin kai, shi ake miƙa wa wuta. Ka sa kanka a matsayin tsohuwar da ba ta jin Sifaniyanci, tana ɗakin duhu wata da watanni, an fahimtar da ita cewa ƙarya za ta cece ta, gaskiya za ta kashe ta. Mutum 31 aka yi wa shari'a. Goma sha uku sun mutu a kurkuku saboda annoba kafin hukunci. A ranakun 7 da 8 ga Nuwamban 1610 aka yi babban taron yanke hukunci a Logroño gaban dubban 'yan kallo. Aka ƙone mutum shida da ransu, biyar kuma aka ƙone mutum-mutuminsu tare da ƙasusuwansu. Shidan nan duk waɗanda suka ƙi amsa laifi ne har ƙarshe. Ni a ganina su ne suka yi turjiya mafi tsada a dukkan wannan labari, domin sun san kalmar da za ta fitar da su, suka ƙi faɗinta.

Salazar ya ƙi amincewa da hukuncin ɗaya daga cikinsu, María de Arburu, yana cewa hujjar ba ta isa ba. An rinjaye shi. Sauran hukunce-hukuncen kuwa da hannunsa a ciki, kuma bai ɓoye wannan ba daga baya.

Alƙalan sun zaci taron Logroño zai kashe wutar. Sai ya zama an zuba mata mai. An karanta iƙirarin mayun da babbar murya na tsawon sa'o'i, aka buga labarin a takarda, masu wa'azi suka ɗauke shi zuwa ƙauyukan arewacin Navarra, yankin da Zugarramurdi yake ciki. A hunturun 1610 zuwa 1611 yara suka fara tashi da safe suna cewa an ɗauke su cikin dare zuwa dandalin mayu, suna kama sunayen maƙwabta. A garin Vera limamin coci, Lorenzo de Hualde, ya riƙa tara yara suna kwana a gidansa don a tsare su, ana yi musu tambayoyi ba dare ba rana. Iyaye da hankalinsu ya tashi ba su jira wata kotu ba. Aka riƙa ɗaure waɗanda ake zargi a jikin itace cikin sanyi, ana tsoma ƙafafunsu a ruwa har ya daskare, ana jifan gidajensu da duwatsu. Wasu sun mutu a hannun maƙwabtansu.

Wannan shi ne abin da ke hana a ba da labarin a sauƙaƙe, a ce mugayen alƙalai a gefe guda, talakawa bayin Allah a ɗaya gefen. Talakawan da suka ɗauki sanda don kare matansu a Labourd, irinsu ne suka ɗauki igiya don ɗaure matan wasu a Navarra. Bijire wa hukuma fuska biyu gare shi. Akwai mai bijirewa don hukuma ta yi zalunci, akwai mai bijirewa don a ganinsa hukuma ta yi sanyi. Uban da ɗansa yake kuka kowane dare yana kiran sunan maƙwabciya ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma manya masu ilmi sun riga sun tabbatar masa cewa abin da yake tsoro gaskiya ne.

Daga cikin cocin kanta aka fara ja da baya. Bishop na Pamplona, Antonio Venegas de Figueroa, ya zaga yankin da kansa, ya rubuta wa shugaban Kotun Binciken Aƙida na ƙasa cewa kafin labarin Faransa ya shigo mutanen nan ba su san komai game da wannan ƙungiya ba, daga wa'azi da jita-jita suka koye ta. Wasu limaman ɗarikar Jesuit da aka tura wa'azi suka dawo da irin wannan shakka, domin a ɗakin iƙirarin zunubi mutane suna ta kuka suna cewa ƙarya suka yi. Masani Pedro de Valencia shi ma ya rubuta nasa nazarin a 1611. Majalisar Ƙoli ta kotun ta yanke shawarar shelanta afuwa: duk wanda ya zo da kansa ya yi bayani cikin wa'adi ba za a hukunta shi ba. Wanda aka tura ya kai shelar ƙauye-ƙauye shi ne Salazar.

Ya tashi a watan Mayun 1611, bai dawo ba sai Janairun 1612. Ya saurari mutum 1,802, daga cikinsu 1,384 yara ne, mata 'yan ƙasa da shekara 12 da maza 'yan ƙasa da 14. Sunayen da aka kama a gabansa sun kai kusan 5,000. Ya dawo da rubutu sama da shafi 11,000. Abin da ya bambanta shi da abokan aikinsa ba wani sabon ilmi ba ne, bai kuma taɓa cewa babu Shaiɗan ko babu sihiri a duniya ba. Tambayarsa ƙarama ce, irin ta lauya: wannan abin da aka ce ya faru a wannan dare, a wannan wuri, ya faru kuwa? Ta yaya za a sani ban da bakin mai faɗa?

Sai ya shiga gwadawa. An kawo masa tukwanen man da aka ce da shi ake tashi sama, ya ba likitoci da masu haɗa magani, aka gwada a jikin dabbobi, ba abin da ya same su, wasu masu tukwanen ma suka ce sun dafa tarkace ne kawai don a daina matsa musu. 'Yan matan da suka ce Shaiɗan ya sadu da su, ya sa ungozomomi suka duba su, aka same su budurwai. Ya ɗauki waɗanda suka ce dandali ɗaya suke halarta, ya sa aka kai su wurin ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun haɗu ba, a tambayi kowa ina Shaiɗan yake zama, ina ake rawa, ta wace hanya ake zuwa. Amsoshin suka yi hannun riga. A Santesteban yara sun ce za a yi babban taro a wani fili a daren idin Yahaya mai baftisma, magatakardansa suka je wurin a daren, ba su ga kowa ba. Akwai waɗanda suka ce suna cikin taron mayu a daidai lokacin da mutanen gida suke zaune a kansu suna kallonsu suna barci. Abokan aikinsa suna da amsa a kan wannan, wai Shaiɗan yana ajiye wani abu mai kama da mutum a kan gado. Salazar ya ga inda wannan amsa take kaiwa. Idan haka ne, babu wanda zai iya kare kansa har abada, domin duk shaidar da ya kawo cewa yana gida za a ce aikin Shaiɗan ce, kuma wanda aka ce an gani a dandali ma ta yiwu siffarsa ce kawai Shaiɗan ya ara. Shari'ar da ba ta bar wa wanda ake tuhuma ko ƙofa ɗaya ta kuɓuta ba ta tashi daga shari'a. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa, zai gane abin da mutumin nan yake karewa.

Wani abin da ya fi taɓa ni shi ne masu janye iƙirari. A da, wanda ya amsa laifi sannan ya dawo ya ce ƙarya ya yi, yana iya fuskantar wuta a matsayin wanda ya koma ruwa. Da aka ba Salazar izinin karɓar janyewa, mutum 81 suka zo. Abin da ya fi damun yawancinsu shi ne sunayen da suka kama, mutanen da suka jefa cikin bala'i don su tsira. Ya rubuta labarin wata mata da ta je wurin wakilin kotu don ta janye, ya kore ta da zagi da barazana, bayan 'yan kwanaki ta faɗa ruwa ta mutu.

A rahotonsa na Maris 1612 ya ce bai sami hujja ko ɗaya ba, ko alama, da za ta nuna an aikata maita sau ɗaya tak. Ya kuma faɗi maganar da aka fi tunawa da shi a kanta, cewa babu mayu babu waɗanda maita ta kama sai da aka fara magana da rubutu a kansu. Ya ba da misalin Olagüe kusa da Pamplona, inda mutane suke zaune lafiya har wani mai wa'azi ya zo ya yi bayanin mayu, daga nan yara suka fara mafarki. Bai keɓe kansa ba, ya ce shelar afuwar da shi ya kai ma ta tayar da abin a wasu wurare. Maganin da ya ba da shawara shi ne shiru.

Becerra da Valle ba su ɗauki wannan da sauƙi ba. Sun shafe fiye da shekara suna rubuta raddi, suna cewa Shaiɗan ya rufe wa abokin aikinsu ido. Abin da ya taimaki Salazar, ban da taurin kansa, shi ne tsarin kotun. Shugabanta na ƙasa, Bernardo de Sandoval y Rojas, ya san shi tun da daɗewa kuma ya yarda da shi. Majalisar Ƙoli tana nesa da ƙauyukan, ba ta jin ihun iyaye a ƙofarta, takardu kawai take karantawa, kuma tun 1526 tana da umarnin a yi taka-tsantsan a shari'ar maita, umarnin da reshen Logroño ya yi wa riƙon sakainar kashi. Ranar 29 ga Agustan 1614 majalisar ta fitar da sababbin ƙa'idoji, kusan duk daga shawarwarin Salazar. Idan an ce maye ya kashe yaro ko dabba, a bincika ko ciwo ne ya kashe su. Kada a kama kowa don kawai wasu da ake zargi sun kama sunansa. A karɓi janyewa ba tare da tsoratarwa ba. Kada reshe ya yanke hukunci sai ya aika wa majalisa. A hukunta masu azabtar da mutane don su amsa laifi. A hana tattauna batun a bainar jama'a. Daga nan Kotun Binciken Aƙida ta Sifaniya ta daina ƙone mutane saboda maita, a daidai lokacin da abin yake ƙara muni a wasu wurare. A Bamberg da Würzburg na ƙasar Jamus, inda bishop shi ne sarki shi ne mai kotu kuma ba mai taka masa burki, an ƙone ɗaruruwa a kowannensu tsakanin 1626 da 1631.

Kada wannan ya sa a ɗauka kotun ta zama gidan rahama. Ita ce dai take farautar Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci da jikokin Musulmin Andalus. A cikin shekarun nan guda, 1609 zuwa 1614, Sarki Filibus na Uku ya kori kusan mutum 300,000 daga zuriyar Musulmi daga Sifaniya. Hukumar da ta iya tambayar hujja a kan tsohuwar Zugarramurdi ba ta ga laifin tuhumar mutum don ya ƙi cin naman alade ko ya yi wanka ranar Juma'a ba. Taka-tsantsan ɗinta a kan maita ya tsaya ne a kan maita.

Ko a nan ɗin ma ikonta bai kai ko'ina ba. Kotunan gari da na masu ƙasa, waɗanda alƙalansu suke zaune cikin jama'a suna jin matsinsu, sun ci gaba da nasu. A 1616 abin ya sake tashi a Vizcaya, wani yankin Baskawan Sifaniya, Salazar ya shiga tsakani ya karɓe shari'o'in daga hannun hukumar yankin kafin a kai ga kisa. A Kataloniya kuwa, inda kotunan ƙauye suke da 'yanci mai yawa, an rataye ɗaruruwan mata a 'yan shekarun da suka biyo baya, galibi cikin gaggawa don kada Kotun Binciken Aƙida ta ji ta karɓe shari'ar ta sake su. Faransa ma ta wannan hanya ta bi a hankali: babbar kotun Paris ta wajabta a 1624 cewa duk hukuncin kisa kan maita a yankinta sai an kawo mata ta duba, kuma ta riƙa soke mafi yawansu.

Salazar ya samu kujera a Majalisar Ƙoli a 1631, ya rasu a Madrid a 1636. Cikin ƙa'idojin 1614 akwai sakin layi game da mutanen da aka hukunta a Logroño. Al'adar kotun ce ta rataye rigar kunya ta wanda aka hukunta a cocin garinsu da sunansa a jiki, don jikoki su gāji abin kunyar. Majalisar ta ce kada a rataye rigunan mutanen 1610, kada kuma a hana zuriyarsu wani muƙami saboda hukuncin. Wannan shi ne abin da 'ya'yan María de Arburu suka samu, shekara huɗu bayan an ƙone uwarsu.